Ranar da Na Riga Dattawa Isa Nguru

Na taɓa faɗin gaskiya a rediyo, gaskiyar da na tantance daga bakin mutum uku, kuma da ita na cuci wata uwa da ba ta taɓa yi mini komai ba. Ba zan ce ban sani ba. An koya mini a kwaleji, kuma tun kafin kwaleji kakata ta koya mini a gindin bandar kifi, ina ɗan shekara tara, kunnena yana wurinta, idona yana kan tarwaɗa.

Kaka Aisa mahaifiyar babana ce. 'Yar Dagona ce, aure ya kawo ta Gashuwa, ta taho da sana'ar gidansu ta bandar kifi. Idan ruwa ya fara ja da baya, kifi ya yawaita, takan wuni tana gyara tarwaɗa, tana nannaɗe kowace ta soke ta da tsinke. Ana idar da sallar magariba sai a hura wuta a ƙarƙashin banda. Wutar banda ba a barinta ta yi harshe, hayaƙi ake so da ɗumi, don haka dole wani ya zauna yana lallashinta. Kaka ce mai zaman, mu jikoki mu kewaye ta, wai taya ta hira muke yi. Ita ma ta san ba hirar ce ta tara mu ba, shi ya sa take ajiye 'yan ƙananan kifayen da suka fashe a gefe ɗaya, ta ce na masu gadi ne.

Ni take kira mai gida, irin wasan kaka da jika. Takan ce duk Gashuwa ba wadda ta yi rashin sa'ar miji irinta, ba ya noma, ba ya su, sai kai rahoto. Kuma ba sharri ta yi mini ba. Cikina ba ya ajiye magana. Idan akuyar maƙwabta ta haihu, ni zan fara shigowa da labari, har da launin 'ya'yan. Idan an yi cacar baki a bakin famfo, kafin masu faɗan su huce na riga na kai wa gida uku. Ina jin daɗin yadda fuskoki ke juyowa gare ni idan na ce, “Kun ji abin da ya faru?” Wannan daɗin bai taɓa barina ba.

Kaka ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta gyara itace ta ce, “Ga ta nan ta fito daga kogi a jiƙe.” Mu ce, “Ta matso ta sha ɗumi.” Waƙoƙin cikin tatsuniyar da Badanci, harshen gidansu, take rera su, sauran kuma da Hausarta mai nauyi, wadda muke kwaikwaya a bayan idonta.

Akwai wadda ta ba mu a wani yammaci da na shigo da labarin cewa ɓarawo ya shiga gidan wani maƙwabcinmu, alhali matar gidan tana zaune a tsakar gidanmu ba ta sani ba. Kaka ba ta yi mini faɗa ba. Sai da aka hura wuta ta ce yau tatsuniyar ta mai gida ce.

Wai a wani gari na bakin ruwa akwai wata tsohuwa da ɗanta tilo, masunci. Wata rana iska ta taso, jirginsa ya kife, ruwa ya ci shi. Tsuntsaye biyu ne suka gani. Ɗaya shamuwa, ɗaya kuma zakaran ƙeƙuwa, tsuntsun nan mai baƙi da fari na bakin fadama, wanda ko inuwa ya gani sai ya cika duniya da ihu. Shamuwa ta ce, “Bari in je in tara wa tsohuwa mutane tukuna.” Zakaran ƙeƙuwa ya yi dariya ya ce kafin ta ɗaga ƙafarta ta biyu, shi ya je ya dawo. Ya tashi fir, ya tarar da tsohuwa ita kaɗai a gona tana noma. Ya yi shawagi a kanta yana faɗi, “Ɗanki ya nutse, ɗanki ya nutse.” Tsohuwa ta yar da fartanya, ta nufi kogi a guje tana kiran sunan ɗanta. Ba wanda zai riƙe ta. Ta shiga ruwa har gwiwa, har ƙirji, har ya rufe ta. Can sai ga shamuwa tafe a hankali, matan gari suna biye da ita, suka tarar da fartanya a kwance. Shi ya sa mutanen garin suka kori zakaran ƙeƙuwa, har yau a ƙasa yake ƙwai, can nesa da gidaje. Shamuwa kuwa suka ce ta yi sheƙarta a bishiyar tsakiyar gari, kada yaro ya jefe ta. Amma baƙin cikin rashin isa da wuri ya ɗauke mata murya, shi ya sa ba ka jin kukanta.

“Ƙurunƙus kan tarwaɗa,” in ji Kaka, “wanda ya ci ya sha ruwa.”

Sauran yara suka hau cin kifinsu. Ni kuwa abin bai kwanta mini ba. Na ce, “Amma Kaka, ai bai yi ƙarya ba.”

“Wa ya ce ya yi ƙarya? Da ƙarya ya yi ai da tsohuwa tana nan.” Ta jawo wani garwashi da tsinke ta turo shi gabana. “Mai gida, in na aike ka ɗebo wuta a maƙwabta, a tafin hannu kake miƙo mini? Wutar ce dai na aike ka. Amma a tsingaro ake kawo ta.”

Daga nan ta faɗa mana yadda ake yi a wurinsu. Labarin mutuwa ba a ba yaro, ba a ba mai gudu. Dattawa biyu ake tasa, su yi wanka su sa riga, su fara zuwa wurin liman ko mai unguwa, daga nan a nemi ɗan'uwa namiji, sannan mata su riƙa shiga gidan ɗaya bayan ɗaya kamar masu zuwa hira. Ta ce ranar da kakanmu ya faɗi ya rasu a kasuwar Jakusko, tana zaune tana gyaran kifi, sai ta ga maƙwabta suna ta shigowa, wannan ta zo aron turmi, waccan ta zo gaisuwa, kuma ba wadda ta fita. Sai wata aminiyarta ta zauna kusa da ita, ta zare wuƙar da ke hannunta, ta ce ta kawo ta taya ta.

“Tun da aka karɓe wuƙar nan na sani,” in ji Kaka. “Amma na sani ina cikin mutane.”

Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa haka ba. Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ci kifina, na kwanta, gari ya waye na ci gaba da kai rahoto.

Da na gama sakandare na ce aikin jarida da sadarwa zan karanta, ba wanda ya yi mamaki a gidanmu. Kaka ta ce, “To madalla, surutu ya zama sana'a.” Na so karatun nan kamar me. A can na gane ashe abin da nake yi tun ina yaro yana da ƙa'ida, har da littattafai. Malamin da ya fi shiga raina shi ne Malam Tijjani, wani siriri mai jan biro, wanda ya yi shekaru a gidan rediyo kafin ya koma koyarwa. Shi ya koya mana a fara labari da abin da ya fi nauyi, a bar kwalliya a baya. Shi ya koya mana kada a yarda da baki ɗaya, a tambayi mutum uku. Yakan ce labarin da ya kwana ɗumame ne. Yakan kuma ce mai karanta jarida yana iya komawa layin baya, mai sauraron rediyo kuwa ba shi da wannan gatan, don haka suna da wuri a maimaita su, a hankali, yadda mai tuƙa tuwo ma za ta kama. Na iya numfashi a gaban abin magana, na iya yanke murya in haɗa, na daina cewa “to” a farkon kowace jimla bayan jan biro ya gaji da ni.

Ba zan zalunci Malam Tijjani ba. A darasin ɗa'ar aiki ya faɗa mana cewa ba a ambatar sunan mamaci sai an tabbatar iyalinsa sun sani. Layi ɗaya ne a takardar darasi. Ya fito a jarrabawa, na kuma cinye makinsa duka.

A shekara ta biyu aka tura mu sanin makamar aiki. Ni da wasu biyar muka faɗa wata ƙaramar tashar rediyo da ake kamawa daga Gashuwa har Nguru, ana kuma raɗe-raɗin cewa idan an gama za a riƙe mutum ɗaya. Na yi mako shida, abin da muryata ta fitar a iska bai wuce cigiyar tunkiya ba. Hankalina ya tashi. Sai na roƙa a bar ni in je Dagona in haɗo rahoto kan yankan shinkafa da kacala, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa. Garin kakata ne, ina da inda zan sha ruwa.

Da hantsi ina tsaye da wani manomi a bakin fadama, sai muka ji ihu. Wani kwalekwale ne ya ɗauko buhunan shinkafa da mutum biyar, ya kife a tsakiya. Huɗu suka fito. Masunta suka yi ta nutso, sai gab da azahar suka samo na biyar, kacala ta riƙe masa ƙafa. Na ga gawar da idona, saurayi ne dogo, bai fi ni shekaru ba. Jikina ya yi sanyi, wannan gaskiya ne. Amma a ƙarƙashin sanyin akwai wani abu da ke tsalle a ƙirjina, kuma na san ko mene ne. Duk faɗin wurin ba wani ɗan jarida sai ni.

Na yi aikina yadda aka koya mini. Na tambayi mai jirgin, na tambayi mai gonar da mamacin yake yi wa aiki, na tambayi abokin da suka zo tare. Bakinsu ya zo ɗaya. Modu Bukar, ana ce masa Modu Dogo, daga unguwar Bulabulin a Nguru, ya zo aikin yankan shinkafa. Ina cikin rubutawa sai ga dattawa biyu sun fito daga gari cikin manyan riguna, za su bakin hanya su jira motar Nguru. Ɗayansu, mai farin gemu, ya tsaya a kan samarin da ke wurin ya ce, “Kowa ya mayar da wayarsa aljihu sai mun isa.” Samari suka mayar. Na ji shi sarai. Na ce wa kaina da 'yan'uwa yake, ba da 'yan jarida ba.

Na zaga bayan wata tsamiya inda waya ke kamawa, na kira tashar. Ana tsakiyar shirin rana, mai gabatarwa ya ce zai sa ni kai tsaye. Bai san abin da ke takardata ba, ni kaɗai na sani. Na fara da abin da ya fi nauyi. Muryata ba ta yi rawa ba. Na faɗi sunan a farko, da na zo rufewa na maimaita shi a hankali, na haɗa da laƙabinsa da unguwarsu. Ko minti biyu ban cika ba. Da na leƙo daga bayan tsamiyar, dattawan nan suna nan tsaye a bakin hanya, mota ba ta zo ba.

Kafin in iso Gashuwa wayata ta yi zafi. Abokan karatu suna ta yaba mini, mai gabatar da shirin ya ce yau na zama ɗan jarida. Na shiga gida bakina har kunne. A lokacin Kaka ta tsufa, ta bar banda, tana wuni a kan tabarma da 'yar rediyonta. Na durƙusa na gaishe ta, ina jiran rabona na yabo.

“Mai gida, na ji ka,” ta ce. “Muryar ta fita.”

Na ce mata ai ba da ka na yi ba, mutum uku na tambaya kafin in buɗe baki.

“A cikin ukun, wa ka tambaya ko uwarsa ta ji?”

Ban tambayi kowa ba. Ba ta ambaci tsuntsu ko ɗaya ba, ba ta kuma ƙara ko kalma a kai ba. Ta dai ce ranar sadakar uku in shiga motar Nguru, kada in tafi da abin ɗaukar murya.

Na je. Maza suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida. Na yi gaisuwa, aka shafa fatiha. Dattijon nan mai farin gemu yana cikinsu, ya dube ni ya gane ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Mun iso da la'asar, muka tarar ka riga mu.” Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na roƙi ƙanin mahaifiyar mamacin ya yi mini iso, na ce ina da laifin da zan amsa. Ya tashi ya shiga da ni.

Sunanta Ya Falmata, man gyaɗa take yi tana sayarwa. Tana zaune a ƙofar ɗaki, mata sun kewaye ta, carbi a hannunta. Ina yin sallama ta ɗago kai. Ban kai ga faɗin ko ni wane ne ba.

“Kai ne,” ta ce. “Wushe, sannu ɗana. Zauna. Muryar nan ko a kasuwa na ji ta zan gane.”

Na fara ba da haƙuri, kalmomin suna ta karo da juna. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni, ta ce in bari ta faɗa mini, don in sani. Ranar ta kai markaɗen gyaɗa can bakin kasuwa, saboda injin unguwarsu ya lalace. Duk wanda ke layin baƙo ne a wurinta, mutanen ƙauye ne da suka shigo cin kasuwa. Aka kashe inji za a yi salla, wurin ya yi tsit, sai rediyon mai injin da ke rataye a ƙusa.

“Da ka faɗa na farko, na ce Modu ai sun yi yawa a duniya, Bukar ma sun yi yawa. Na riƙe wannan. Sai ka sake faɗa, ka ce Dogo, ka ce Bulabulin. A hankali ka faɗa, ba inda zan ɓuya.” Ta ja carbinta sau biyu. “Wata da ke gefena ta ce Allah ya jiƙansa. Sai ta ce in ɗan matsa mata da kwanona. Na matsa mata.”

Ta ce ba ta yi kuka a wurin ba, don ba ta san wa za ta yi wa ba. Ta ɗauki gyaɗarta ba a markaɗa ba, ta ɗora a ka, ta tako tun daga bakin kasuwa har gida, tana amsa gaisuwar mutane a hanya. Matan da ke kewaye da ita suka fara share hawaye. Ita idonta a bushe yake.

“Ban ce kai ka kashe shi ba, ɗana. Kwanansa ne ya ƙare, kuma ko ba kai ba zan ji. Amma bayin Allahn nan sai la'asar suka iso. Daga azahar zuwa la'asar ɗin nan rabona ne. Da ina da ɗa har la'asar.”

Ta ce ta yafe mini duniya da lahira, ta sa aka kawo mini ruwa. Na sha, don ƙin sha zai zama wani laifin. A motar komawa Gashuwa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro, har wani fasinja ya tambaye ni ko mamacin ɗan'uwana ne.

Da aka gama sanin makamar aiki, ni aka riƙe, kuma rahoton Dagona ne ya sa. Na karɓa, ba zan yi ƙaryar cewa na ƙi ba. Da na koma kwaleji ƙarasa karatu na faɗa wa Malam Tijjani komai. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce daga bana wancan layi ɗayan zai zama darasin mako guda.

Kaka ta rasu shekaru kaɗan bayan haka, ni kuma har yau ina cikin aikin. Na daɗe ina juya tatsuniyar nan a raina. Ina yaro na ɗauka gardama ce tsakanin gaskiya da ƙarya, shi ya sa na tsaya wa mai ihu. Da na shiga kwaleji na ɗauka labari kalmomi ne, idan sun yi daidai an gama. Sai a ƙofar ɗakin Ya Falmata na gane abin da dattawan nan suke ɗauke da shi a cikin manyan rigunansu. Maganar da za su faɗa ita ce wadda na faɗa, ba ragi ba ƙari. Jinkirinsu na tara hannuwan da za su tare ta ne idan ta faɗi. Rediyo yana kai murya ko'ina, amma ba ya kai hannu, kuma mai magana ba ya ganin inda maganarsa ta sauka. Ina son aikina, ina kuma jin tsoronsa, kuma ina ganin haka ya kamata.

Har yanzu mutum uku nake tambaya. Idan sun gama sai in nemi mai unguwa ko liman in yi tambaya ta huɗu, ko an je gidan. Idan ba a je ba, sai in ce “wani matashi” ko “wata mata”, in bar shi haka. Sau da yawa kafin in rufe baki sunan ya riga ya bazu a wayoyin mutane, har da hoto, shugabana ya yi ta mita cewa an riga mu. Nakan ba shi haƙuri. Sunan yana nan a takardata, daidai yake, zan kuma faɗe shi idan lokacinsa ya yi. Amma wataƙila a wani gida akwai matar da har yanzu take da ɗa, kuma ba ni zan rage mata lokacin ba.